PRBS a gwajin layin sadarwa: me lambobin nan suke nufi, kuma yaushe za a yarda da "babu kuskure"?

Wani ƙane da bai daɗe da fara aiki da kamfanin da ke kula da turakun sadarwa ba ya turo tambaya. Ogansa ya miƙa masa na'urar gwaji ya ce ya je ya duba wani layin E1, wani nau'in layin sadarwa na dijital, da ke bi ta rediyon maikurowef. Ya kunna, ya ga jerin zaɓi: 2^9−1, 2^15−1, 2^23−1, duk a ƙarƙashin sunan PRBS. Ya taɓa wanda ya fara zuwa hannunsa, ya bar ta minti goma sha biyar, ta nuna sifili, ya sa hannu a takarda. Bayan kwana biyu masu layin suka kira suna ƙorafin yana yankewa. Tambayarsa: mene ne waɗannan lambobi, kuma na'urar ce ta yi masa ƙarya?

Ƙanena, na'urar ba ta yi maka ƙarya ba. Abin da ka tambaye ta shi ta amsa, sai dai tambayar taka ce ta yi gajarta. Bari mu fara daga tushe.

Duk abin da ke tafiya a layin dijital, murya ce ko hoto ko saƙon banki, sifili ne da ɗaya, kowane guda muna kiransa bit. Idan kana son sanin lafiyar layi, sai ka tura bit masu yawa ta wannan baki, ka ƙirga guda nawa suka fito a jirkice ta wancan bakin. Ka raba masu kuskure da jimillar waɗanda ka tura, abin da ya fito shi ne BER, wato yawan kuskure. Matsalar ita ce mai karɓa ba zai gane an yi kuskure ba sai ya riga ya san abin da ya kamata ya iso. Bayanan mutane na gaske ba wanda ya san su kafin su zo, saboda haka ba a auna komai da su kai tsaye. To sai mutum ya ce a tura abu mai sauƙi, 101010 har abada. Wannan kam mai karɓa ya san shi, amma bai yi kama da kayan da layin zai ɗauka gobe ba. Kamar ka gwada babbar mota babu kaya a kan kwalta mai santsi, sannan ka ce ta isa ta ɗauki buhu ɗari uku ta shiga hanyar ƙauye da damina.

PRBS shi ne tsakiyar waɗannan biyu. Jeri ne na sifili da ɗaya wanda a ido barkatai yake, ba kai ba gindi, amma ƙaramar ƙa'ida ɗaya ce ke haifar da shi, kuma duk wanda ya san ƙa'idar zai fitar da shi daidai wa daida. Ni ina kiransa barkatan gangan. Layi yana ganinsa kamar bayanan gaske, na'ura kuwa ta san kowane bit tun kafin ya iso.

Ka ɗauki biro mu ƙera ƙarami da hannu, don wanda ya taɓa yin wannan sau ɗaya ba ya sake ruɗewa. Rubuta 1111. Ƙa'idar: don samun sabon bit, ka waiwaya baya ka dubi na uku da na huɗu daga ƙarshe. In iri ɗaya ne ka rubuta 0, in sun bambanta ka rubuta 1. Wannan kwatancin shi ake kira XOR. Na uku da na huɗu a baya duk 1 ne, saboda haka 0. Ka ci gaba a haka, za ka samu 111100010011010, daga nan sai 1111 ya dawo, zagaye ya koma farko. Ƙirga su: goma sha biyar. Bit huɗun ƙarshe da muke waiwaya, a gida huɗu ake riƙe su, kuma waɗannan gidaje su ake kira rajista. Gida huɗu na iya ɗaukar siffa goma sha shida, an cire guda ɗaya, wato 0000, domin in rajistar ta faɗa cikin sifili zalla ba ta sake fita, sifili da sifili iri ɗaya ne, amsa sifili har abada. Ga asalin "−1" ɗin da ka gani. 2^15−1 (wato 2 guda goma sha biyar a ninka su da juna, a cire ɗaya) na nufin rajista mai gida goma sha biyar, jerinta bit 32,767 kafin ya maimaita. 2^9−1 bit 511 ne, 2^23−1 bit 8,388,607, shi kuwa babban yayansu 2^31−1 bit 2,147,483,647.

Ka sake duba ɗan jerin namu. Ɗaya guda takwas, sifili guda bakwai, kusan raba daidai. Ɗaya mafi tsawo a jere guda huɗu ne, sifili mafi tsawo guda uku. Kuma in ka zura taga mai faɗin bit huɗu a kansa har ka zagayo, kowace siffa ta bit huɗu za ta bayyana sau ɗaya tak, ban da 0000. Haka abin yake ga manyan ma: rajista mai gida n tana ba da ɗaya n a jere, sifili n−1 a jere, da kowace siffa mai tsawon n. Ba kowane gida biyu za ka kwatanta ka samu cikakken zagaye ba, sai an zaɓa. Na 2^15−1 gida na 14 da na 15 ne, na 2^23−1 na 18 da na 23, na 2^31−1 na 28 da na 31, na 2^9−1 kuma na 5 da na 9. In ka ga an rubuta x^15 + x^14 + 1 a littafin na'ura, abin da ake faɗa ke nan, kada ya tsorata ka. Wanda ya fi kowa shimfiɗa lissafin waɗannan jeri shi ne Solomon Golomb, masanin lissafi ɗan Amurka, a littafinsa na 1967. Danginsu ne ma ke cikin siginar GPS da wayarka ke kamawa: kowane tauraro na da jerinsa mai tsawon 1,023 da ake haɗawa daga rajista biyu masu gida goma-goma, yana maimaituwa sau dubu a daƙiƙa.

Yadda mai karɓa ke kama zaren shi ne abin da ya fi burge ni a sha'anin. Ba sai an gaya masa daga ina aka fara ba. Ka san malamin da ke sauraren haddar ɗalibi: ko daga tsakiya yaron ya ɗauko, kalma kaɗan sun ishi malam ya gane inda yake, daga nan yana biye da shi a zuci, da yaro ya kauce zai ji. Haka na'urar take. In 2^15−1 ake turawa, tana ɗibar bit goma sha biyar daga abin da ke shigowa ta cika rajistarta, sai ta rufe ƙofa ta ci gaba da fitar da nata jerin, tana kwatantawa da na layi bit bayan bit. Lokacin da fitilar kama jeri ta koma kore, wannan ne ya faru. Akwai masu araha, da wasu da ake ginawa cikin guntun lantarki, waɗanda ba sa rufe ƙofar, kullum daga layi suke ciyar da rajista. A irinsu kuskure ɗaya sau uku ake ƙirga shi: sau ɗaya da ya shigo, sau biyu kuma yayin da yake ratsa gidajen nan biyu da ake kwatantawa. Idan ka ga kurakurai suna zuwa uku-uku kamar an auna da mudu, ka zargi mai ƙirgar kafin ka zargi layi.

Yanzu wanne za ka zaɓa? Ba son rai ba ne. Hukumar ITU-T, mai tsara ƙa'idojin sadarwa na duniya, ta tsara su a jerin shawarwarinta na O.150 zuwa O.153. Layin 64 kbit/s, wato bit dubu 64 a daƙiƙa, da ninkinsa, 2^11−1 mai bit 2,047. E1, mai gudun 2,048 kbit/s, wanda shi muke amfani da shi a Najeriya da Nijar kamar Turai, 2^15−1. Layin 34 da na 140 Mbit/s, 2^23−1. Faiba mai gudun gigabit goma zuwa sama, 2^31−1 aka saba. Dalilin da ya sa tsawo ke da muhimmanci shi ne dogon jeren bit iri ɗaya shi ne jarrabawar da ta fi wahalar da mai karɓa. Babu wata waya daban da ke kai masa agogo, daga sauye-sauyen sigina, sifili zuwa ɗaya da ɗaya zuwa sifili, yake tsamo lokacinsa. In aka jera masa bit ashirin ko talatin babu sauyi, yana tafiya ne a makance, mai rauni sai ya zame. Haka kuma kafasitocin da sigina ke ratsawa ba sa riƙe tsayayyen lantarki, dogon jere yana sa matakin sigina ya ɗan sulale, har iyakar da ke raba sifili da ɗaya ta gurɓace. Gajeren jeri ba ya taɓo waɗannan cututtuka. 2^9−1 da wataƙila shi ka taɓa, tunda shi ne a sama, sifilinsa mafi tsawo takwas ne kacal. An yi shi ne don layukan da ba su kai E1 gudu ba.

Ga misali na kusa da aikinka. E1 yana amfani da tsarin HDB3, wanda duk inda sifili huɗu suka jeru yake musanya su da wata alama ta musamman don kada agogo ya ɓace, can ɗaya bakin kuma a mayar da su sifili. A ce wani ya saita baki ɗaya a HDB3, ɗayan a AMI, wanda bai san wannan musanya ba. Tura 1010 ko ɗaya zalla, shekara za ka yi ba ka ga kuskure ba, domin sifili huɗu ba su taɓa jeruwa ba. Tura PRBS, nan take allo zai cika da ja. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ya sa ba a yarda da jeri mai sauƙi.

Sai dai kada ka ɗauka mafi tsawo shi ne mafi kyau a ko'ina. 2^31−1 a kan E1 sai ya ci minti goma sha bakwai da rabi kafin ya zagayo sau ɗaya, alhali 2^15−1 yana zagayowa cikin kashi 16 na dubun daƙiƙa, wato sama da sau sittin a kowace daƙiƙa, kullum yana sake dukan layin da mafi munin siffarsa. A gigabit goma kuwa 2^31−1 ɗin nan kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya ishe shi. Akwai kuma layukan da tsarinsu na 8b/10b ya hana bit iri ɗaya su wuce biyar a jere, irin su gigabit ɗaya na faiba. Su 2^7−1 mai bit 127 ya fi kama da abincinsu na kullum, in ka ɗura musu jeren talatin da ɗaya kana iya kayar da na'ura mai lafiya a kan abin da ba za ta taɓa haɗuwa da shi ba.

Wani abu da ke cin lokacin sababbin shiga: a ƙa'idar O.150, jerin 2^15−1 da 2^23−1 da 2^31−1 a kife ake tura su, kowane sifili ya zama ɗaya, kowane ɗaya ya zama sifili. Wasu na'urori wannan kifaffen suke kira na daidai, wasu kuma shi suke kira kifaffe. In ka haɗa na'urori biyu na kamfani daban-daban suka ƙi kama juna, kafin ka hau turke ka fara kwance eriya, juya wannan saitin tukuna. Haka batun firam, wato tsarin da ke raba E1 gurbi-gurbi: ko jerin ya cika dukan 2,048 kbit/s, ko a bar gurbin farko ga firam ya cika gurbi 31, ko a bar na 16 ma ya cika 30. Dole bakin biyu su yi magana ɗaya. Kuma in ka ga BER ya tsaya a wajen 0.5, rabi daidai rabi kuskure, ba layi ne ya lalace haka ba. Zaren ne ya kuɓuce, na'ura tana kwatanta jeri biyu da ba su hau kan juna ba, sai ya zama canki-canki. Sau da yawa zamewar agogo ce: bit ɗaya ya faɗi ko ya ƙaru, duk na bayansa suka goce da taki ɗaya.

Mu zo ga minti goma sha biyar ɗinka, don nan ne gizo ke saƙar. Sifili a allo ba ya nufin layin ba ya kuskure, yana nufin bai yi ba a cikin bit ɗin da ka tura. Akwai ƙa'idar lissafi mai sauƙin riƙewa: in ka tura bit N ba kuskure ko ɗaya, kana da tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa BER bai kai 3 a raba da N ba. Juya ta: in kana son shaida cewa kuskure bai kai ɗaya cikin biliyan ba, sai ka tura bit biliyan uku lafiya lau. A E1 wannan minti ashirin da huɗu ne da 'yan kai. Kai a minti goma sha biyar bit biliyan 1.8 ka tura, ko wannan matakin ba ka cika ba. In ɗaya cikin tiriliyan ake nema, kamar yadda ake nema a faiba, bit tiriliyan uku ne: minti biyar a gigabit goma, amma kusan kwana goma sha bakwai a E1. Shi ya sa alƙawarin ɗaya cikin tiriliyan a bakin mai layin E1 da ya yi gwajin rabin awa nake jinsa kamar tatsuniya.

Wannan lissafin ma yana ɗauka cewa kurakurai suna sauka ɗai-ɗai ne kamar yayyafi. A rediyo ba haka suke ba, a dunƙule suke zuwa, kuma suna da lokacinsu. Ruwan sama mai ƙarfi yana cinye sigina a mitocin da suka haura gigahaz goma. Cikin dare da asuba, in iska ta kwanta ta yi hawa-hawa, sigina kan bi hanya fiye da ɗaya ya iso yana karo da kansa. Ga lokacin da wuta ke ɗaukewa a koma janareto, in batura sun gaji. Ga zafin azahar a ɗakin da na'urar sanyaya shi ta mutu. Ga guguwar gaban hadari da ke girgiza farantin eriya in ƙusoshinsa sun saki. Gwajin ƙarfe goma sha ɗaya na safe a rana mai haske ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Dalilin da ya sa ake barin sabon layi awa ashirin da huɗu ke nan, ba don bit biliyan 177 da za su wuce kaɗai ba, don dare da rana su ratsa ta kansa. Kuma dalilin da ya sa ba a tsayawa kan BER shi kaɗai: shawarwarin G.821 da G.826 suna ƙirga daƙiƙu ne, daƙiƙa nawa aka samu kuskure a cikinta, nawa ne kuma suka yi muni ƙwarai, wanda a G.821 yake nufin kuskure ya kai ɗaya cikin dubu a daƙiƙar. Kuskure dubu da suka zo cikin daƙiƙa biyu da kuskure dubu da suka bazu a yini guda BER ɗinsu ɗaya, amma ciwonsu daban, maganinsu daban.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan ban haushi, kuma ni kaina na sha shi. Shekarun baya muna karɓar wani layi mai zango uku, turke zuwa turke. Na zauna a bakin farko da na'ura, na yi waya da abokin aikina a bakin ƙarshe ya haɗa fita da shiga da ɗan guntun kebul, don abin da na tura ya je ya dawo mini. Fitila ta yi kore. Muka bar ta kwana guda cur, sifili. A daren an tafka ruwa a can wajensa har ya ce rufin ɗakin na yoyo, ni kuwa ina ta yabon rediyo. Da safe na ce ya cire kebul ɗinsa mu tattara. Ya ce ya cire, ga shi a hannunsa. Na dubi allo: kore shar, tana ta ƙirga bit lafiya. Ashe masu kafa na'urorin sun bar madauki, wato irin wannan haɗi mai mayar da abin da aka tura, a kunne cikin saitin rediyon turke na farko tun ranar da suka yi nasu gwajin. Awa ashirin da huɗu muna auna zango ɗaya, biyun da ruwa ya daka ba mu ko leƙa su ba. Tun daga ranar, kafin in fara ƙirga lokaci sai na sa na can ƙarshe ya cire madaukin na ga ja da idona, ya mayar na ga kore. Sannan in danna maɓallin cusa kuskure ɗaya, in ga allo ya ce ɗaya, ba sifili ba, ba uku ba.

Madauki yana da wani makafin gurbi ko da an sa shi a inda ya dace. Na'urarka ce ke turawa, ita ce ke karɓa, agogo ɗaya ne a bakin biyu, saboda haka saɓanin agogo tsakanin kayan masu layi na nan da na can ba zai bayyana ba. Kuma in kuskure ya fito ba ka san ko a tafiya ne ko a dawowa ba. In da hali, na'ura biyu, ɗaya a kowane baki, ta fi.

In aiki ya kai ka ga sababbin layukan faiba na gigabit ɗari huɗu, za ka ga abin da zai ɗaure maka kai: ana tura PRBS, kurakurai suna zuba, injiniya kuma ko a jikinsa. Can siginar matakai huɗu gare ta maimakon biyu, ana kiranta PAM4, har an yi mata nata jerin irin su PRBS13Q da PRBS31Q, kuma an gina layin ne a kan cewa zai yi kuskure, wani tsarin gyara mai suna FEC ya share. Kafin gyara ana jure har wajen kuskure biyu da ɗan ɗori cikin dubu goma. Rediyon maikurowef ɗinka ma yana da irin wannan gyaran a ciki, shi ya sa yake nuna sifili har sigina ta kusa gaɓa, sannan ya faɗi gaba ɗaya lokaci guda. Saboda haka sifili a na'urarka bai gaya maka saura taki nawa a faɗa rami ba. Wannan sai ka buɗe rediyon ka duba ƙarfin siginar da yake karɓa, ka kwatanta da abin da aka lissafa a takardar tsara layin.

Abu ɗaya a gefe, tunda na taɓa jin wani ɗalibi ya ce zai ɓoye saƙo da PRBS: kada a fara. Wanda ya samu bit 2n a jere, wato 62 kacal ga 2^31−1, zai iya gano ƙa'idar duka ta hanyar lissafin Berlekamp da Massey, wanda aka sani tun 1969. An yi shi ne don a gane shi da sauƙi.

Game da layinka, ka koma da 2^15−1, ka tabbatar HDB3 ne a kowane baki kuma firam ɗinku ɗaya da na masu layin. Ka sa a cire madauki a can ƙarshe ka ga ja, ka cusa kuskure ɗaya ka ga ɗaya, sannan ka bar ta ta kwana. Da safe kada ka tsaya kan jimilla, ka buɗe tarihin da ta ajiye ka ga ƙarfe nawa kurakuran suka zo, ka ɗora shi a kan tarihin ƙarfin sigina na rediyon da na ɗaukewar wuta a turakun biyu. Ka tambayi masu layin su ma ƙarfe nawa yake yanke musu. In duk wannan ya fito fes amma ƙorafi bai tsaya ba, ka nemi ganin saitin agogon kayansu, ka duba ko bakin biyu kowanne yana bin nasa agogon ne maimakon ɗaya ya bi ɗaya.